Tsamiyar Cikin Kasko

Shekara goma sha tara Malam Inuwa ya yi yana sayar da dashe a bakin titin Zariya, daidai Gyadi-Gyadi, a wani ɗan fili tsakanin kwalbati da katangar wani gareji. Mangwaro, gwaba, lemo, darbejiya, turare, duk a cikin baƙaƙen ledoji, an jera su sahu-sahu. Abin da yake taƙama da shi ke nan: dashensa a miƙe yake. Duk wanda ya karkace, ko akuya ta cinye masa kai, ko ya daɗe a leda har saiwarsa ta nannaɗe ya ƙi girma, sai ya tsame shi ya wurga bayan rumfa.

Mu'azu ɗan ƙanin mahaifinsa ne, kuma Inuwa ya girme shi da shekara goma sha biyu. Shi ya ɗauko shi daga ƙauyensu a ƙasar Kibiya, ya ba shi ɗakin zaure a gidansa na Unguwar Gano, ya kai shi koyon tuƙi, daga baya ya nema masa aikin direba a wajen wani tsoho ɗan ƙasar Sin mai masana'antar takalman roba a Sharaɗa. Tsohon yana da wasu 'yan bishiyoyi a farantai da yake jerawa a barandar gidansa. Idan Mu'azu yana jiran a fita, sai tsohon ya yafito shi ya riƙe masa reshe, ko ya miƙo masa almakashi. Ba sa jin yaren juna sosai. Da ido da hannu Mu'azu ya koya.

Da al'amura suka tsananta a ƙarshen mulkin soja, ba wuta, ba mai, sai masana'antar ta rufe, tsohon ya koma ƙasarsu. Mu'azu ya zo wajen Inuwa wata safiya ɗauke da almakashi biyu a aljihu da wani faffaɗan kasko a ka.

Ya sauke kaskon a hankali. Tsamiya ce a ciki. Tsawonta bai wuce kamu ɗaya da rabi ba, amma gindinta ya kai kaurin damtse, ya murɗe, ɓawonsa ya tsattsage kamar na tsohuwar tsamiyar bakin kasuwar ƙauye. Rassanta sun bazu gefe da gefe, saiwoyinta sun fito sun riƙe ƙasa. Wanda ya tsuguna ya dube ta daga ƙasa sai ya ji kamar zai iya shimfiɗa tabarma a gindinta ya kwanta.

"Ka gane ta, Yaya?" in ji Mu'azu.

"A ina zan gane ta?"

"A bayan rumfarka na tsince ta, shekarar da na fara aiki. Akuya ce ta cinye mata kai ka jefar."

Inuwa ya yi dariya. "To yanzu me ta zama? Ba inuwa, ba 'ya'ya, ko itacen girki ba ta kai ba."

"Ka dai ba ni ɗan gefen nan in zauna. In riƙa kwashe maka na bayan rumfa."

"Kwashe. Ka rage mini shara."

Haka Mu'azu ya kafa 'yar rumfarsa a kusurwar filin. Sai ya ɗauko ceɗiya ko durumi ko kuka da aka jefar, ya zare ta daga leda, ya kakkaɓe ƙasar, ya datse babbar saiwar da ke nutsawa ƙasa, ya bar ƙananan. Ya zuba yashi da taki da farfasasshen jan bulo a kasko mai huda a ƙasa, ya zaunar da ita. Idan ta kama, sai ya zauna ya yi ta kallonta, wani lokaci rabin yini, kafin ya yanke reshe ɗaya. Sauran rassan kuma ya naɗe su da wayar tagulla da yake sayowa a wajen masu gyaran kwayil ɗin fanka da janareto a Unguwa Uku, ya lanƙwasa su inda yake so. Daga nan sai jira, wata shida, shekara, har reshen ya saba da inda aka kai shi.

Shekara biyun farko ba wanda ya saya. Kanikawan gareji suna yi masa tsiya, suna cewa ya zama wanzamin bishiya. A lokacin Inuwa yana tausaya masa ƙwarai. Idan an kawo abincin rana daga gida, tare suke ci. Idan an sayi dashe mai yawa, sai ya ce Mu'azu ya taya shi lodi don ya sami dalilin ba shi wani abu. Yana jin daɗin yin hakan, kuma yakan faɗa wa matarsa Furera, "Yaron nan in ba don ni ba, ban san yadda zai yi ba."

Wata ranar Laraba wani likita daga asibitin koyarwa da ke kusa ya tsaya sayen lemo. Yana cikin zaɓa idonsa ya faɗa kan tsamiyar, wadda Mu'azu ya ɗora a kan turmi a gaban rumfarsa. Likitan ya ajiye lemon da ke hannunsa, ya je ya durƙusa a gabanta da farar rigarsa.

"Wa ya yi wannan? A Kano? Ai wannan bonsai ake ce masa, na gan shi inda na yi karatu. Nawa?"

"Wannan ba ta sayarwa ba ce, ranka ya daɗe," in ji Mu'azu. "Amma ga ceɗiya."

Likitan ya ɗauki ceɗiyar, ya biya abin da Inuwa sai ya sayar da mangwaro arba'in kafin ya gani. Lemon kuwa ya manta da shi.

Daga ranar aka fara zuwa. Likitoci, ma'aikatan jinya, matan manya. Sai kuma aka buga gangar siyasa, soja suka ce za su koma bariki, fastoci suka rufe katangar gareji, mutanen da jiya a kan acaɓa suke yau ga su a mota, suna gina gida, suna neman abin da maƙwabci ba shi da shi. Motoci suna tsayawa a gaban filin Inuwa, mutane su fito su ratsa ta tsakiyar sahun dashensa ba tare da sun dubi ko ɗaya ba.

"Baba, ina mai ƙananan bishiyoyin nan?"

Sai ya nuna da haɓa.

Wata rana wata Hajiya ta sayi durumi, ta juyo ta ce wa Inuwa, "Kai, zo ka kai mini but ɗin mota." Ta ɗauka lebura ne. Mu'azu ya yi wuf ya ɗauka da kansa yana cewa, "Hajiya, wannan yayana ne, shi ne mai wurin." Wannan gyaran ya fi maganar Hajiyar yi wa Inuwa ciwo. Wato yanzu sai Mu'azu ya gabatar da shi a filinsa.

Ba cinikinsa ne ya ragu ba. Ya ma ɗan ƙaru, don wasu in sun gama da Mu'azu sukan haɗa da gwaba ko biyu. Mu'azu kuma bai canza ba. Har yanzu shi yake fara gaisuwa, shi yake ɗebo ruwan alwala, kuma ya ce daga yanzu zai riƙa biyan na bayan rumfa, Inuwa ya ce kada ya kuskura. Abin da ke cin Inuwa shi ne yadda mutane suke yin shiru idan sun tsaya gaban tsamiyar nan. Shekara goma sha tara yana raya itace, ya cika rabin Tarauni da inuwa, ba wanda ya taɓa durƙusawa gaban mangwaronsa.

A gida ma bai tsira ba. Mu'azu ya kawo wa Furera wata 'yar ceɗiya kyauta, ta ɗora ta a kan randa a tsakar gida, duk baƙuwar da ta shigo sai an nuna mata.

"Kin ga aikin ƙanin Malam. Allah Ya ba shi hannu."

Sai Inuwa ya gwada a ɓoye. Ya kawo gwaba uku gida, ya ɓoye su a bayan ɗakin girki, ya datse musu saiwa, ya naɗa musu wayar ɗaure katako. Kafin mako biyu ganyen ya zube, wayar ta ci ɓawon, duk ukun suka bushe. Furera ce ta tarar da shi a tsugune yana tona gindin ɗaya da tsinke.

"Malam, ka tambaye shi mana. Ai ba zai hana ka ba."

"Ni zan tambayi Mu'azu yadda ake shuka? Ni da na koya masa bambancin taki da ƙasa?"

"To ai ba shuka ba ce kaɗai."

"Ki je ki duba tukunyarki."

A tsakiyar watan Mayu, ana tsananin zafi, saura mako biyu a miƙa mulki ga farar hula, aka aiko daga ƙauye cewa Inna Basira, mahaifiyar Mu'azu, ba ta da lafiya, jikin ya yi tsanani. Kafin ya tafi tasha, Mu'azu ya zaga da Inuwa cikin kasakensa.

"Yaya, ruwa safe da yamma, don ƙasar ba ta da zurfi, yini ɗaya ya isa ya kashe su. Waɗannan na layin gaba in an zo ka sayar, ka san kuɗinsu. Amma tsamiyar nan, ko nawa aka bayar, ka ce ba ta sayarwa ba ce."

"Na ji. Ka gaishe da Inna, Allah Ya ba ta lafiya."

Ya kuma ba su ruwa yadda aka ce, safe da yamma. Ko me ke cikin ransa, Inuwa ba mutumin da zai bar shuka ta mutu da ƙishirwa ba ne. Sai dai duk lokacin da ya zo kan tsamiyar, yakan zuba ruwan ya kau da kai.

Kwana biyar da tafiyar Mu'azu, wata doguwar mota ta tsaya da hantsi. Wanda ya fito Alhaji Bello ne, ɗan kwangila da ya ci zaɓen majalisa, ya kuma gama sabon gida a Tarauni yana so ya tare kafin ranar rantsuwa. Ya zo da mutum biyu a bayansa, kai tsaye ya nufi turmin.

"Wannan ake ba ni labari. Kai ka yi ta?"

"Ni na shuka ta, Alhaji."

Bai yi ƙarya ba, shi ya sa ƙwallon a leda da hannunsa. Amma ya san abin da aka tambaye shi.

"Kai, Malam, sannu da aiki! Wallahi kana da basira. Ku duba, ku duba gindin nan." Mutanen biyu suka matso suna jinjina kai, suna duban Inuwa. Wani abu mai ɗumi ya ratsa shi tun daga wuya har ciki. Ashe haka abin yake.

"Nawa zan ba ka?"

"Ba ta sayarwa ba ce."

"Haba Malam. Ranar Asabar ta sama gidana zai cika da baƙi. Ina so in sa ta inda kowa zai gani. Faɗi kuɗinka."

Inuwa ya dubi tsamiyar. Ya tuna likitan da ya durƙusa, ya tuna Hajiyar but. Ya ga turmin a ransa babu komai a kai, motoci suna wucewa abinsu. Ya buɗe baki ya faɗi wani kuɗi mai yawa, rabin zuciyarsa tana fatan Alhajin ya ce ya yi tsada. Alhaji Bello bai ko taya ba.

Ana sa kaskon a mota, Alhajin ya juyo. "Amma ni tausayinta nake ji a ɗan kaskon nan. In aka fitar da ita aka sa a ƙasa, za ta tashi?"

"Tsamiya ce, Alhaji. Za ta tashi."

Ya san sauran maganar. Ya sha jin Mu'azu yana faɗa wa masu saye: kada a fitar da ita daga kasko, kada a cire waya sai na zo, kada a bari kowa ya sa mata almakashi. Maganar tana kan harshensa har motar ta hau titi.

Ranar da yamma ba motar da ta tsaya. Inuwa ya zauna a kan bencinsa yana kallon titi, ƙirjinsa wasai, rabon da ya ji haka ya fi shekara. Da ya koma gida ya cinye tuwonsa tas har ya nemi ƙari. Bai ce wa Furera komai ba.

Bayan kwana uku aka aiko Inna Basira ta rasu.

Inuwa ya roƙi mai gadin gareji ya riƙa ba shukoki ruwa, shi da Furera suka tafi ƙauye. Ya zauna a kan tabarmar karɓar gaisuwa kusa da Mu'azu, kafaɗa da kafaɗa, har aka yi sadakar uku. Mu'azu ya rame, idanunsa sun yi ja. A rana ta biyu, da mutane suka ɗan ragu, ya juyo ya ce, "Yaya, ya shukokin?"

"Lafiya lau. Duk suna shan ruwa."

"Allah Ya saka da alheri. Ban san yadda zan yi ba in ba kai."

Inuwa ya dubi yatsun ƙafarsa. A ƙofar gidan maƙwabta matasa sun kewaye rediyo suna gardamar yadda za a yi bikin miƙa mulki, wani yana cewa daga yanzu talaka zai sha iska. Shi kuwa ji yake kamar an ɗora masa buhun yashi a wuya. Sau biyu ya buɗe baki zai faɗa, sau biyu wani ya yi sallama ya zo gaisuwa, ya kuma ji daɗin katsewar.

Mu'azu bai dawo Kano ba sai farkon watan Yuni, bayan an yi ruwan farko. Daga tasha filin ya wuce kai tsaye da jakarsa. Ya gaida Inuwa, ya juya, ya ga turmin.

Ya leƙa cikin rumfa, ya leƙa bayanta, ya dawo.

"Ka kai ta gida saboda ɓarayi?"

Inuwa ya ciro ambulan daga aljihun 'yar cikinsa. "Wani babban mutum ne ya zo. Ya matsa ƙwarai. Na ga kana cikin hidima, za ka buƙaci kuɗi. Ga shi nan yadda ya bayar, ban taɓa ko sisi ba."

Mu'azu bai miƙa hannu ba. "Wane ne?"

"Alhaji Bello, sabon ɗan majalisa."

"Tashi ka raka ni gidansa, Yaya."

"Yanzu? Ka huta tukuna, ka sha ruwa."

"Yanzu."

Tun da suke, Mu'azu bai taɓa yi masa magana da wannan muryar ba. Inuwa ya tashi.

Gidan sabo ne fil, fentin ko bushewa bai gama yi ba, ga fastocin taya murna a jikin katanga. Alhajin ba ya nan. Mai kula da furannin gidan, wani dattijo mai suna Garba, shi ya shigar da su da ya ji cewa masu dashe ne.

"Tsamiyar? Ai ga ta can, ta samu lafiya."

Tana gefen hanyar shiga mota, a cikin ƙasa, an kewaye ta da fararen duwatsu. An cire wayoyin duka. Manyan rassan nan huɗu na ƙasa, waɗanda suka bazu suka ba ta kamannin tsufa, an sare su daga gindi, sai fararen tabo. An kafa sanda an ɗaure abin da ya rage da tsumma don ya miƙe sama. A samanta sabon toho ya fara fitowa, kore shar.

"Da aka gama biki Alhaji ya ce a sa ta a ƙasa," in ji Garba, yana jin daɗin aikinsa. "Na ga duk an ɗaɗɗaure ta da waya, abin tausayi. Na kwance, na rage mata na ƙasan nan don ƙarfin ya tafi sama. Ai wanda ya sayar ya ce za ta tashi. Kun ga kuwa ta fara."

Mu'azu ya tsuguna. Ya sa babban yatsa ya shafa tabon ɗaya bayan ɗaya. A kan na uku ya daɗe.

"Wannan reshen shekara huɗu na yi ina sauko da shi," ya ce, ba da kowa yake ba.

Garba ya dube su. "Wani abu ne ya faru?"

"Babu komai, Baba," in ji Mu'azu, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Ka yi aikinka yadda ka sani. Ka riƙa ba ta ruwa, za ta yi babbar bishiya."

Suka fito. Ba su nemi abin hawa ba, suka kama hanya a ƙafa, suna tsallake kududdufan ruwan jiya. Sai da suka yi nisa Mu'azu ya tsaya.

"Ya tambaye ka ko za a iya sa ta a ƙasa?"

"Ya tambaya."

"Ka san abin da nake ce musu."

"Na sani."

"To don me, Yaya? In kuɗi ne, duk abin da na samu ai naka ne. In koyo kake so, wallahi da ka yi magana da na zauna da kai tun daga farko."

Inuwa ya shirya amsoshi tun a ƙauye: hidimar jinya, matsin babban mutum, mantuwa. Ya neme su ya rasa. Abin da ya fito daga bakinsa shi kansa bai shirya shi ba.

"Ba koyo nake so ba. So nake a daina tsayawa a wajenka."

Mu'azu ya dube shi kamar bai ji daidai ba.

"Ni na kawo ka garin nan," in ji Inuwa. "A zaurena ka kwana shekara shida. Abin da na zubar ka tsinta. Yanzu a filina ana tambayata ina kake. Kullum sai na ga mutum ya durƙusa gaban abin nan, ni ko sannu. Na gaji da ganinta, Mu'azu. Shi ke nan. Ba ni da wani dalili."

Wani ɗan acaɓa ya rage gudu kusa da su, ya ga ba masu hawa ba ne, ya wuce.

"Da ka ce in tashi, da na tashi," in ji Mu'azu a hankali. "Da ita da ni duka, da ka daina ganinmu."

Ya karɓi ambulan ɗin, ya ce zai yi wa Inna sadaka da shi. A cikin makon ya samu wani fili a Daurawa, ya kawo a-kori-kura ya kwashe kasakensa. Ya yi wa kanikawan gareji sallama, ya zo ya durƙusa ya yi wa Inuwa sallama shi ma, kamar yadda ya saba. Bai faɗa wa kowa dalili ba. Furera a bakin mijinta ta ji, don ta tsare shi da tambaya har ya faɗa. Kwana biyu ba ta ce masa komai ba banda ga abinci, ga ruwa.

Damina ta wuce haka. Motoci suka daina tsayawa, sai masu neman mangwaro da darbejiya kamar da. Wani lokaci wani ya leƙo ta taga ya tambayi inda mai ƙananan bishiyoyi ya koma, Inuwa ya kwatanta masa daidai, ba ya ɓoyewa. Labari yana zuwa masa ko bai nema ba: Mu'azu ya ƙara rumfa, wani otal ya ba shi aiki, an ce har daga Kaduna ake zuwa. Kowane labari sai ya kwana biyu yana yi masa yawo a ciki.

A watan Oktoba, yana ɗaga garwar ruwa, ciwon ƙaba da ya daɗe yana lallaɓawa ya murɗe shi ya faɗi tsakanin sahun gwaba. Kanikawa suka kai shi asibitin koyarwa, aka yi masa tiyata a ranar. Likita ya ce zai yi kwanaki a kwance, in an sallame shi ma ba ɗaukar kaya sai bayan wata biyu.

Da Inuwa ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya dashensa ne. Ruwan sama ya ɗauke, rana ta dawo da ƙarfinta, 'ya'yansu kuma duk mata ne, suna gidajen mazajensu.

"Kwantar da hankalinka," in ji Furera. "Mu'azu yana zuwa."

"Wa ya faɗa masa?"

"Ni. Wa kake so in faɗa wa? Daga sallar asuba yake wucewa can, sai ya gama da naka yake zuwa ya buɗe nasa. Da la'asar ma ya dawo."

A rana ta huɗu Mu'azu ya shigo ɗakin marasa lafiya da ledar lemo da ayaba. Ya durƙusa a gefen gado ya gaishe shi, ya tambayi jiki. Sannan ya ba shi labarin fili kamar jiya suka rabu. Ya ce ya matsar da sahun mangwaro daga bakin kwalbati don ruwan gareji yana gangarowa da baƙin mai. Ya ce ƙwari sun kama gwaba, ya yi musu feshin ruwan toka da sabulu, sun lafa. Wata makaranta ta zo neman darbejiya ɗari, ya zaɓa musu, ya kuma kai musu har can.

"Ba ka yi fushi da ni ba ke nan?" in ji Inuwa, yana kallon silin.

"Na yi, Yaya. Har yanzu in na tuna sai na ji. Amma ba zan bar dashenka ya bushe ba."

Suna cikin haka wata ma'aikaciyar jinya, Sista Maimuna, ta zo duba ƙarin ruwa. Tana ganin Mu'azu ta washe baki.

"A'a! Malam Mu'azu mai bonsai! Me ya kawo ka nan? Ceɗiyata tana nan, har ta yi sabon ganye."

"Yayana ne a kwance, Sista."

"Yayanka ne? Ikon Allah! Baba, ashe kai yayan Malam Mu'azu ne, ba ka faɗa ba?" Ta gyara masa matashi, ta juya ta kira abokiyar aikinta ta zo ta gani. Kafin azahar duk ɗakin an san shi. Mai shara, mai rabon magani, har majinyacin gadon kusa, kowa ya zo wucewa sai ya ce, "Sannu, yayan mai bishiyoyi, ya jiki?"

Da Mu'azu zai tafi, Inuwa ya riƙo hannunsa.

"Na gode, Mu'azu. Allah Ya jiƙan Inna."

Har cikin ransa ya faɗa, idonsa ma ya kawo ruwa. Mu'azu ya ce amin, ya ce gobe zai dawo bayan ya gama ban ruwa.

Furera ta raka shi bakin ƙofa ta dawo ta zauna tana ɓare lemo.

"Jiya na biya ta filin," ta ce. "Wallahi Malam, ban taɓa ganin dashen nan ya yi kyau irin na yanzu ba. Kore shar, kamar ba naka ba."

Ta miƙo masa wanda ta ɓare.

"Ga lemo."

"Ajiye. Ba na sha yanzu."

Ya lallaɓa ya juya, yana dafe da wurin ɗinki, ya fuskanci bango.